Na warke daga ciwon daji amma baƙin ciki ya ƙi barina: shin wannan rashin godiya ne?

Tambaya:

Shekara 2 ke nan da aka gano ina da ciwon dajin mama. An yi mini tiyata an cire nono ɗaya, na yi wata da watanni ana ɗura mini magani har gashina ya zube, yanzu likitoci sun ce ba su ga alamar cutar ba. Kowa sai barka yake yi mini, ni kuwa da dare kuka nake yi. Wata baiwar Allah da muka yi jinya tare ta rasu ta bar yara ƙanana. Kullum ina tsoron cutar ta dawo, kuma na rasa me zan yi da rayuwata. Uwar mijina ta ce wannan butulci ne ga Allah. Shin ina da zunubi?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yar'uwa, Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa abin da kika sha ya zama kaffara.

A taƙaice, ba ki da zunubi a kan wannan baƙin ciki, kuma ba butulci ba ne. Godiya da baƙin ciki suna haɗuwa a zuciya ɗaya.

Na farko: hukuncin kuka da baƙin ciki

Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa. Da Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce, kuma ya bayyana cewa iyakar tana ga harshe, kada ya furta abin da Allah ba Ya so. A Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa 86, Allah Ya ba mu labarin Annabi Ya'aƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma Allah bai zarge shi ba, domin ga Ubangijinsa ya kai kukansa.

Abin da shari'a ta hana shi ne marin fuska, yaga tufafi, kururuwar jahiliyya, da tuhumar Allah a kan hukuncinSa. Malamai da yawa, cikinsu har da Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim, sun bambanta haƙuri da yarda. Haƙuri wajibi ne: a tsare harshe da gaɓoɓi daga fushi da ƙaddara, ko da zuciya na jin zafi. Yarda, wato zuciya ta natsu da abin da ya faru, daraja ce ta sama da ake so a kai gare ta, amma wanda bai kai ba bai yi saɓo ba.

Kuma ki sani kin yi rashi na gaske: wani sashe na jikinki, ƙarfinki, dukiyar da jinya ta ci, da abokiyar jinyarki. Lokacin jinya mutum ba ya samun sukunin jin zafin waɗannan, sai ƙura ta lafa suke taso masa.

Na biyu: don me ta rasu ni na rayu?

Aya ta 145 a Suratu Ali Imrana ta tabbatar da cewa kowane rai yana da ajalinsa a rubuce. Ba ki karɓi ko kwana ɗaya daga kwanakinta ba. Rayuwarki ba shaida ce ta kin fi ta ba, kamar yadda cutar ba hujja ce ta fushin Allah a kanku ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa gajiya, ciwo, damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki mumini, ana kankare masa zunubai da su. Ki lura, an ambaci baƙin ciki a cikin jerin, ke nan wannan kukan na dare ma yana cikin lissafi. Haƙƙinta a kanki shi ne addu'a, da leƙa marayunta gwargwadon hali.

Na uku: me za a yi da sauran rayuwa?

A Hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ya kwanta ciwo a Makka har ya fid da rai. A lokacin 'ya mace ɗaya ce magajiyarsa, sai ya nemi ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa. Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kan kashi ɗaya cikin uku, ya sanar da shi cewa duk abin da ya ciyar don Allah yana da lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa, sannan ya yi masa fatan ya rayu har wasu mutane su amfana da shi. Sa'ad ya tashi, ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya, ya haifi 'ya'ya da yawa, kuma shi ya jagoranci Musulmi a yaƙin Ƙadisiyya.

Darasin da ke ciki gare ki: ba sai kin yi wani gagarumin aiki ba kafin rayuwarki ta yi ma'ana. An fara nuna wa Sa'ad loma tun kafin Ƙadisiyya. Tarbiyyar 'ya'yanki, sallarki a kan lokaci, shafi ɗaya na Alƙur'ani, duk suna da nauyi idan niyya ta gyaru. Kuma kina da wani ilimi da mu ba mu da shi. Mata da yawa suna ɓoye ƙullutu a mama saboda kunya ko tsoron wuƙar likita, har sai ciwo ya yi nisa. Idan kika zauna da mace ɗaya kika ce mata ta je asibiti da wuri, ke ma ta nan kika bi, wataƙila Allah Ya sa ki zama sanadin tsirar rai. Amma wannan sai kin ji ƙarfi, ba dole ba ne.

Na huɗu: abin da za ki riƙe a aikace

1. Kada ki yanke zuwa asibiti a ranakun da aka sa miki. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, don haka tawakkali ba ya cin karo da shi. Tsoron dawowar cuta yana raguwa idan kin yi abin da ke hannunki kin bar wa Allah sauran.

2. Idan ƙuncin ya wuce mako 2 a jere, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, ki gaya wa likita. Ciwon damuwa cuta ce mai magani, ba raunin imani ba. In har tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani amintacce a ranar, a kai ki asibiti.

3. Kada ki raina ibadarki don ƙarfinki ya ragu. Annabi (SAW) ya ba Imrana bin Husaini izinin salla a zaune ko a kishingiɗe saboda ciwo, kuma hadisin Abu Musa a Bukhari ya nuna ana rubuta wa marar lafiya ladan abin da ya saba yi yana da lafiya. Batun azumi kuwa, ki shawarci likita amintacce tukuna.

4. Ki lazimci zikirin safe da yamma, da addu'ar Annabi Ayyuba da ke Suratul Anbiya'i, aya ta 83. Ki kuma kula da cin abinci. Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa.

Ga miji da dangi kuma: ku ji tsoron Allah game da wanda ya tashi daga wannan ciwo, mace ko namiji. Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Ku saurare shi, ku daina gorin godiya. Miji musamman ya nuna wa matarsa cewa tabon tiyata bai rage mata matsayi a wurinsa ba. Ke kuma ki kyautata wa uwar mijinki zato, alheri take nufi, kalmar ce ba ta dace ba.

Allah Ya yaye miki, Ya jiƙan abokiyar jinyarki, Ya raya abin da ta bari. Allah ne Mafi sani.