Daga Kantun Bilma Zuwa Gwajin Jini: Tarihin Maƙoƙo a Birnin Kano

A farkon watan Fabrairu na 1851 wani Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ke yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano bayan ya biyo ayarin Buzaye masu fataucin gishiri tun daga Asbin. Ya ƙiyasta kayan ayarin nan da lodin raƙumi 3,000, ya kuma ce sulusinsu a ƙasar Kano za a sayar. Ba baƙon ciniki ya tarar ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Asbinawa suka sauko Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Magajinsa, Muhammadu Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar wannan haja shekara da shekaru.

Tafiyar ba ta rago ba ce. Da kaka ayari ke tashi daga Asbin ɗauke da gero, ya keta rairayin Tenere zuwa Fachi da Bilma, a yi musanye da gishiri da dabino. Daga nan a juyo, a huta, a gangaro kudu ta Damargu da Damagaram, a iso Kano cikin hunturu. Raƙuma su durƙusa a Fagge, fatoma ya sauki baƙinsa, dillalai su shiga tsakani. Akwai kantu, mai tsini da nauyi, wanda aka fi ba dabbobi. Akwai beza, fari tas, na miyar masu hali. Daga gabas ga mangul da kanwa na shigowa ta hannun Barebari. Buzaye su koma da hatsi da turkuɗin Kura. Unguwar Agadasawa da Zangon Barebari, har yau sunayensu na ba da shaidar wannan zirga-zirga.

Sai dai duk wannan gishiri, da tsadarsa da wahalar kawo shi, ba ya ɗauke da isasshen sinadarin aidin, kuma babu wanda ya san da haka a Kano a lokacin.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Aikinta sarrafa wani sinadari mai suna tayiroksin, wanda ke daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya, narkewar abinci, jinin al'ada da girman ƙwaƙwalwar yaro. Ba ta iya wannan aiki sai da aidin. Abin da baligi ke buƙata a yini mikrogiram 150 ne kacal, mai ciki kuma 250. A tara na tsawon rayuwa gaba ɗaya, da ƙyar ya cika cokalin shayi. Amma in aka rasa shi, tsokar nan sai ta yi ta kumbura don ta tatso ɗan abin da ke cikin jini. Kumburin nan shi ne maƙoƙo. Aidin a teku ya fi yawa, Kano kuwa tana da nisan kusan kilomita 1,000 daga gaɓar teku, kuma bandar kifin da ake kawo mata daga Haɗeja da Tafkin Chadi na ruwan daɗi ne. Ga wani ƙarin nauyi: binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna cewa gero, in shi ne cimar yau da gobe a inda aidin ya yi ƙaranci, yana ƙara wa maƙoƙo ƙarfi. Haka rogon da bai jiƙu sosai ba yake yi a kudu.

Kano ba ta cikin wuraren da abin ya fi muni a Nijeriya. Yankunan duwatsu na Filato, da Binuwai da Kogi, sun fi ta ɗanɗana kuɗarsu. Amma gari ne da kowa ke kawo hajarsa da lalurarsa, don haka ba a rasa ganin mai maƙoƙo a Kurmi ko a ƙofar malami. Mata ya fi kamawa, musamman lokacin balaga da goyon ciki. Magani kuwa sai abin da hali ya yi: wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho, mai saiwa ya ba da na shafawa da na sha, malam ya yi rubutu. Budurwa ta koyi yafa mayafi har haɓa. Wanda duk ya san yadda maganar aure take a cikin birni ya san abin da kumburin wuya ya jawo wa 'yan mata da yawa. Asarar da ta fi wannan girma kuma ba a wuya take ba: jaririn da uwarsa ta rasa aidin yana ciki kan taso da tsumburewa, ko kurumta, ko nauyin fahimta, a ce haka Allah ya yi shi.

Maganin daga nesa ya faro. A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin a tokar ciyawar teku, kuma a 1820 likita Coindet na birnin Janeba ya fara ba masu maƙoƙo. A 1891 George Murray, a Ingila, ya yi wa wata mata mai shekara 46, wadda tayirod ɗinta ya daina aiki, allurar ruwan tayirod ɗin tunkiya. Matar nan ta zo masa jiki a kumbure, magana da ƙyar, ko gumi ba ta yi. Ta miƙe, ta ƙara shekara 28 a duniya, ta rasu a 1919. Lissafin likitanta ya nuna ta sha abin da aka tatso daga tumaki kusan 870. Darasin da ke cikin labarinta shi ne wanda har gobe ake fama a fahimtar da majiyyata: maganin bai warkar da ita ba, riƙe ta ya yi, kuma ba ta taɓa barinsa ba. A 1914 Edward Kendall ya ware tayiroksin zalla a Amurka, a 1927 aka haɗa shi a ɗakin bincike a Ingila. Suwizalan kuwa tun 1922 ta fara zuba aidin a gishirin abinci.

A Kano, jirgin ƙasa da ya iso a 1911 shi ya fara karya kasuwar beza. Gishirin buhu ya riƙa haurowa daga Ikko, mai arha da laushi, amma shi ma babu aidin ɗin kirki a ciki. Abin da zamani ya fara kawo wa masu maƙoƙo wuƙar likita ce. Asibitin cikin birni da aka gina kusa da Ƙofar Mata a shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, sun sauke wa mutane masu yawa wannan kaya daga wuyansu. Sai dai wanda aka cire wa tsokar duka, ko mafi yawanta, ya shiga sahun masu shan tayiroksin har ƙarshen rayuwa, kuma ba kowa ke komawa gida da wannan fahimta ba.

Babban sauyi ya zo ne ta tukunyar miya. Bayan taron shugabannin duniya kan yara da aka yi a 1990, Nijeriya ta wajabta sa aidin a duk gishirin ci a 1993, shekarar da aka kafa hukumar NAFDAC. Binciken da aka yi a lokacin ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na yaran da aka duba suna da maƙoƙo. Da yake kamfanonin da ke shigo da gishiri da sarrafa shi ba su da yawa, sa musu ido bai gagara ba. Kafin tsakiyar shekarun 2000, zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar, fiye da kashi 90 na gidajen ƙasar nan na amfani da gishiri mai aidin, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka ba shaidar cim ma wannan buri. Cikin ayyukan lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan, kaɗan ne suka kai wannan arha da amfani.

To amma maƙoƙo ya ragu, ciwon tayirod bai tafi ba. Wanda ya rage shi ne mai ɓoyayyen kamu, wanda sau da yawa ba ya kumbura wuya ko kaɗan. Wani garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta cinye tsokar sannu a hankali, lalurar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Wani bayan tiyata ne. Wata bayan haihuwa ne abin ke sauko mata, musamman in ta zubar da jini mai yawa. Alamun kuwa duk na yau da kullum ne: kasala, yawan barci, jin sanyi ko da bazara, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, dusashewar murya, mantuwa, rikicewar al'ada, ɓari ko jinkirin samun ciki. Mace mai jego ta kasa tashi da asuba, tsintsiya ta yi mata nauyi, nono ya ƙi zuwa. Uwar miji ta ce son jiki ne, maƙwabciya ta ce sanyi ne ko shawara, mai kemis ya haɗa mata na maleriya da taifot. Wata sai an kai ga zancen sammu. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin wannan ciwo jini ake tambaya.

Gwajin da ake fara yi sunansa TSH, kuma sai a shekarun 1960 aka iya auna shi a jinin mutum. Fahimtarsa na rikita majiyyata, domin a juye yake. Ba tayirod ke yin TSH ba. Wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aiko shi don ta zaburar da tayirod, kamar madugun da ke ɗaga murya in ayari ya yi nawa. Saboda haka in lambar ta yi sama, aikin tayirod ne ya yi ƙasa. Yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai, ko kusa da haka. Ana haɗawa da gwajin T4, wanda ke auna tayiroksin ɗin kansa. Wannan na biyun shi ne abin dogaro ga matar da zubar jinin haihuwa ya taɓa mata tsokar ƙwaƙwalwa, don ita TSH ɗinta ba ya tashi ko da tana cikin tsananin ciwon.

Bayan an fara magani, ko an sauya yawansa, sai an jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji, domin tayiroksin kan ɗauki mako guda kafin rabinsa ya bar jini, kuma jiki ba ya daidaita da wuri. In lamba ta zauna, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Mai gaggawar gwaji bayan kwana goma kuɗinsa kawai ya zubar.

Rayuwar Kano ma na da nata tarnaƙi ga ƙwayar tayiroksin. Ana so a sha ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa ko awa guda kafin karin kumallo. Wanda ya kora ta da koko ko shayi mai madara ya rage mata ƙarfi. Awara, da ta zama cimar kowane lungu daga Mandawari zuwa Yakasai, waken suya ce, kuma yana hana hanji tsotse maganin yadda ya kamata. Ba a ce a bar ta ba, a dai raba lokacinsu. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, irin waɗanda ake ba masu awon ciki, suna buƙatar tazarar awa 4. Da azumi, ko dai a sha kafin sahur da ɗan lokaci, ko da daddare bayan awa 3 da cin abinci. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, yana lalata ƙwayar da aka bari a taga ko cikin mota.

Akwai kuma waɗanda takardar gwaji ta ce lafiya lau, jiki ya ce a'a. Wajen mutum ɗaya cikin goma na masu shan maganin na cikin wannan hali, kuma kukansu gaskiya ne. Bai kamata likita ya sallame su da cewa tunani ne ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Sau da yawa akwai wani abu a gefe: ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a tsakanin matan Arewa, ko ciwon suga, ko ƙarancin bitamin, ko rashin barci, ko damuwar da aka daɗe ana haɗiyewa. Waɗannan ake bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya ƙara wa kansa ƙwaya don ya ji ƙarfi, domin yawanta na kawo faɗuwar gaba, rikicewar bugun zuciya da zaizayewar ƙashi. Haka wanda ya ji sauƙi ya ajiye maganin: bayan 'yan makonni ciwon zai dawo masa yadda ya bar shi.

Inda aka fi barin baya a yau shi ne wajen mata da jarirai. Mai shan tayiroksin da ta samu ciki buƙatarta kan ƙaru da kusan sulusi tun makonnin farko, kuma ana so a riƙa duba jininta kusan kowane wata har cikin ya kai rabi. A lardin Kwibek na ƙasar Kanada tun 1974 ake ɗiban ɗigon jini a dugadugin jariri don gano wanda aka haifa da wannan rauni, kusan ɗaya cikin 3,000. In aka fara masa magani cikin makonnin farko sai ya taso kamar kowa. A Nijeriya har yanzu wannan gwaji bai zama na kowane jariri ba, alhali Kano na cikin jihohin da aka fi haihuwa. Garin da ya iya karɓar ayarin raƙuma dubbai da ke keta Sahara saboda gishiri bai kamata ɗigon jini ya gagare shi ba.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannun kowane gida. A sayi gishirin leda mai shaidar aidin, a rufe shi, a kawar da shi daga rana da bakin murhu, don wanda ake aunawa a buɗe a kasuwa aidin ɗinsa gushewa yake yi. Mai shan tayiroksin ya adana takardun gwajinsa wuri guda, ya tafi da su duk ranar ganin likita. Wanda kuma matarsa ko 'yarsa ko mahaifiyarsa ta yi watanni tana kukan kasala da sanyi, an sha na maleriya har an gaji, ya kai ta asibiti ya roƙi a duba mata TSH da T4.