Kanwa da toka: zumuncin da sai a 1916 aka gano asalinsa 🧵

1/ Daga Kazaure har Babura, Roni da Gwiwa, in kanwa ta yanke a gida, toka ake tacewa a zuba ruwanta a miya. Yauƙin kuɓewa ya fito, wake ya nuna da wuri. Me ya haɗa kanwa da toka? Ku biyo ni, tarihi ne mai daɗi.

2/ Ƙarni da ƙarni fatake suna kawo kanwa daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, Azbinawa kuma suna sauke gishirin Bilma a Kano. Masu rini a Ƙofar Mata da toka suke haɗa baba. Aikin an san shi sarai, dalilin ne ya ɓuya.

3/ A 1807 wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya saka wutar batir a narkakken sinadarin toka, sai ga sabon ƙarfe: potasiyam. Bayan ƴan kwanaki ya ciro sodiyam, ƙarfen da ke cikin kanwa da gishiri. Duk biyun wuƙa na yanka su, kuma in ka jefa su ruwa sai tashin hankali.

4/ Alamominsu ma tarihi ne. Na daga natron ne, wato kanwa. K kuwa daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai.

5/ A 1869 Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai a tebur, biyun nan suka faɗo gida ɗaya saboda halinsu ɗaya. Dalili fa? Shiru, don sai 1897 J.J. Thomson ya gano ilektaron.

6/ 1913, Niels Bohr ya ce ilektaron a jere suke kewaye da tsakiyar atam, ɓawo bayan ɓawo kamar albasa. 1916, Gilbert Lewis da Walther Kossel, kowa daban, suka nuna cewa na ɓawon waje, wato valens, su ke ƙulla hulɗa. Atam na neman 8 a waje.

7/ To ga amsar:
Sodiyam 2, 8, 1
Potasiyam 2, 8, 8, 1
Kowanne ilektaron ɗaya tal gare shi a waje, kuma da sauƙi yake sakinsa. Kilorin mai 2, 8, 7 ɗaya yake nema, ya karɓa daga sodiyam: gishiri ke nan.

8/ Kanwa da toka duk kabonet ne, masu narkewa a ruwa. Kalsiyam kuwa 2, 8, 8, 2 ne, riƙonsa ya fi ƙarfi, shi ya sa kabonet ɗinsa, alli, ba ya narkewa balle ya yi miya.

9/ Wannan ba zancen WAEC kaɗai ba ne. Sodiyam ɗin kanwa shi ne na gishiri. A shekarun 1970 likitocin ABU Zariya sun danganta yawan kunun kanwa, haɗe da wankan jego, da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa.

10/ Ƙannena ƴan SS1, ku daina haddar 2, 8, 1 kamar lambar waya, ku duba na ƙarshen. In kuma akwai mai jego ko mai hawan jini a gidanku, a sassauta kanwa don Allah. A tura wa wani ya amfana.