Daga Gona Zuwa Birni: Kundin Refavela na Gilberto Gil da Ɗan Ci-ranin Gaya

Gabatarwa

A farkon 1977 Gilberto Gil, mawaƙin Birazil da aka haifa a birnin Salvador na jihar Bahiya a 1942, ya zo Legas cikin ayarin ƙasarsa don halartar bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Kafin shekarar ta ƙare ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna Refavela. Wannan maƙala na da'awar cewa darajar kundin tana cikin yadda waƙoƙinsa goma suka taru a kan tunani guda, kuma wannan tunani ya shafi matashin Gaya da Ajingi kai tsaye, duk da cewa babu muryar Bahaushe a cikinsa.

Tunanin da ya ɗaure kundin

Ba a fahimtar Refavela sai an haɗa shi da wanda ya gabace shi. A 1975 Gil ya fitar da Refazenda, kundin da ya koma wa gona da rayuwar karkara, irin wadda ya tashi a cikinta a garin Ituaçu. Refavela ya bi mutumin nan ne bayan ya bar gona ya sauka a unguwar talakawa ta gefen birni. Gidajen da aka gina wa baƙin FESTAC sun tuna wa Gil rukunin gidajen da gwamnatin ƙasarsa ke kwashe talakawa tana zubawa a ciki, sai ya ga Legas da birnin Riyo na ƙasarsa suna fama da ciwo ɗaya.

Kowace waƙa ta ɗauki wani gefe na wannan rayuwa. "Babá Alapalá" ta bi salsalar kakanni ta hanyar addinin gargajiyar Yarbawa da ya rayu a Bahiya. "Ilê Ayê", wadda Paulinho Camafeu ya tsara, kirari ce ga ƙungiyar baƙaƙen fata da aka kafa a Salvador a 1974. "Balafon" kuwa ta ɗauki sunan abin kiɗan katako da ƙwarya na Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin su duka ana jin tasirin Fela Kuti, wanda ya ƙaurace wa bikin gwamnati ya riƙa wasa a dandalinsa, inda Gil ya je ya saurare shi.

Giɓin da ke cikinsa

Afirkar da kundin ya nuna ta gaɓar teku ce. Babban hawan daba na FESTAC a Kaduna aka yi shi, amma kalangu da kukuma da algaita ba su shiga Refavela ba. Wannan giɓi yana da nauyi saboda tarihin Bahiya kanta. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da dama a hannun masu fataucin bayi, aka kai su can. Su ne suka jagoranci yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814, wasunsu kuma suka shiga boren Musulmi na watan Azumin 1835, wanda masanin tarihi João José Reis ya yi wa nazari mai zurfi. Bayan boren hukuma ta matsa wa Musulmi da kisa da bulala da kora, har addininsu da harshensu suka dusashe, alhali al'adun Yarbawa sun sami mafaka a ɗakunan bauta. Gil ya rera abin da ya gada ne. Ba za a zarge shi da rashin abin da aka riga aka shafe kafin a haife shi ba.

Gaya da Ajingi

Jigon kundin ba baƙo ba ne a gabashin Kano. Labarin kafuwar Kano da kansa labarin ƙaura ne daga Gaya, domin Abagayawa maƙera ne da aka ce sun taso daga can suka sauka a Dala neman tama. Har gobe, da zarar an kai gero da dawa rumbu, matasan Gaya da Ajingi sukan kama hanyar Wudil zuwa Kano, wasu su zarce Legas ko Fatakwal, suna ga-ruwa, faskare, acaɓa da gadi. Wannan ɗan ci-rani shi ne ainihin mutumin da Refavela ke magana a kansa: ƙafa ɗaya a gona, ɗaya a ɗakin haya.

Sai dai waƙa ba ta isa gare shi a matsayin kundi. A shagon cajin waya ake tura masa ita cikin memori, ɗaya-ɗaya, ta siyasa kusa da ta biki kusa da ta fim. Tunda ɗan siyasa da ango ne ke biyan kuɗin situdiyo, mawaƙi yakan yi wa kowane mai biya tasa waƙar, ba ya samun sararin bin jigo ɗaya cikin waƙoƙi goma.

Wani zai ce kundi tsarin Turawa ne da faifan garmaho ya haifar, kuma Shata da Narambaɗa sun yi suna ba tare da shi ba. Gaskiya ne, amma dogon aiki mai sassa da yawa a kan manufa ɗaya ba baƙo ba ne gare mu. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi shaida ne. Abin da ya ɓace shi ne mai ɗaukar nauyin irin wannan aiki, ba basirar yin sa ba.

Kammalawa

Refavela ya nuna cewa mawaƙin da talakawa ke rawa da kiɗansa yana iya gina hujja daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe. Rabin labarin da ya bari, na Hausawan Bahiya da na ɗan ci-ranin yau, mawaƙan Hausa ne kaɗai za su iya rera shi. Hakan ba zai yiwu ba sai gidajen rediyo, sassan nazarin Hausa na jami'o'i da masarautu irin ta Gaya sun riƙa biyan kuɗin kundi sukutum, kamar yadda ake biyan waƙar kamfe.