Wa ya ƙirga masu ɗori na Aliero?

Jiya a tashar Jega muka yi musu da wani ƙanena kan maganar aikin yi. Ya ce shi fa bai yarda da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba: a ƙarshen 2020 ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, a farkon 2023 kuma ta ce 4.1. Na ce masa ai ma'aunin aka canza. Yanzu ko awa ɗaya ka yi aikin samun kuɗi a mako, an sa ka cikin masu aiki.

Shi ƙirgen sana'a ba yau aka fara shi a ƙasarmu ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jami'ansu suka riƙa rangadi a ƙasar Gwandu suna rubuta maƙera nawa, masaƙa nawa, marina nawa, duk don a yanka haraji. Jega, wadda kasuwarta ta yi suna tun ƙarni na 19, ba ta tsira ba. To wanda ake ƙirgawa don a karɓi kuɗinsa ai ɓoyewa zai yi. Har gobe ka tambayi ɗan kasuwa cinikinsa, sai ya ce "ana dai lallaɓawa".

Yanzu a Turai suna ware ayyukan da ilimi ne jarinsu, irin koyarwa, asibiti, banki da harkar kwamfuta. Hukumar ƙididdigarsu, Eurostat, takan sa sana'a a wannan rukuni idan fiye da kashi 33 na masu yin ta sun yi karatun gaba da sakandare. Da wannan ma'auni, Aliero ta shiga lissafi sosai ne a 2006, da gwamnatin Adamu Aliero ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha. Amma jama'a, tun kafin a aza tubalin jami'ar nan ake kawo masu karaya Aliero daga garuruwa masu nisa. Mai ɗori da ya gaji sanin ƙashi daga kakansa, a wane layi za a rubuta shi? Haka yaron Maiyama da ke gyaran waya da POS ranar kasuwa, da damina yana gona. Mai ƙidaya zai rubuta manomi ya wuce.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta ne a 2006, shekarar da aka kafa jami'ar. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi.