Garkuwar jiki a cutar asma

Asma, wadda ake kira fuka, cuta ce da ke sa hanyoyin numfashi su kumbura, su tsuke, su cika da majina. A nau'inta na borin jini, garkuwar jiki ce ke far wa abin da ba shi da illa, kamar ƙura ko garin furen ciyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma da mutum miliyan 262 a shekarar 2019.

Yadda take faruwa

Idan aka shaƙi abin, ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th2 kan saki sinadarai uku. IL-4 yana sa jiki ya samar da IgE, wanda ke zuga ƙwayoyin mast su fitar da histamin. IL-5 yana tara ƙwayoyin eyosinofil a huhu, IL-13 kuma yana ƙara majina.

Masu tsawata musu su ne ƙwayoyin Treg, waɗanda masanin Jafan Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995. Idan aikinsu ya yi rauni, kumburin yakan daɗe.

A Zamfara

A Gusau, Tsafe da Bungudu, hazon hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yakan haɗu da ƙaiƙayin sussukar gero da hayaƙin itace, duk suna tayar da ciwon. Maganin shaƙa na salbutamol yana buɗe hanyar numfashi na ɗan lokaci, amma na sitiroyid ne ke kwantar da kumburin, shi ya sa likitoci ke cewa kada a daina shi don an ji sauƙi.