Daga Baro Zuwa Nguru: Waiwaye A Kan Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A cikin abubuwan da suka sauya rayuwar Bahaushe a ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai jirgin ƙasa tasiri, kuma kaɗan ne aka yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Shi ne ya ƙarasa kashe fataucin Sahara, shi ya ɗaga darajar gyaɗa, shi ya mayar da ƙauyuka birane, kuma shi ya sauke kakannin da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla a Sabon Badun da Agege da sauran zangunan Kudu. Duk da haka, mafi yawan tashoshin da aka yi wannan tarihi a cikinsu sun zama kufai, muna ji muna gani. Wannan maƙala za ta bi sawun dogo daga shigowarsa Arewa zuwa durƙushewarsa, sannan ta duba wata hanya mai sauƙi da ɗalibai za su iya bi don ceto abin da ya rage, wato ziyartar tashoshin da sake ƙera su a ƙaramin siffa.

Shigowar Dogo

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Badun a 1901, ya kai Jebba a bakin Kogin Kwara a 1909. A Arewa kuwa, abin da aka fara gani shi ne wani ɗan siririn layi da Gwamna Lugga ya sa aka yi a farkon ƙarnin, wanda ya haɗa Zungeru, hedikwatar mulkinsa, da Barijuko a bakin Kogin Kaduna, don ɗauko kaya daga jiragen ruwa. Kan jirgin da ya yi wannan aiki an adana shi daga baya a tashar Minna.

Babban aikin ya zo ne da Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907. Wannan Bature haifaffen Kanada injiniyan reluwe ne tun asali, domin shi ya shimfiɗa wa Kitchener dogo a hamadar Sudan lokacin yaƙi da mabiya Mahadi. Shawararsa ita ce a fara daga Baro, wani gari a bakin Kwara inda jiragen ruwa ke iya isowa daga teku idan ruwa ya cika, a miƙe ta Minna da Kaduna da Zariya har Kano, tafiyar mil 356. An fara aiki a 1907, dogo ya shiga Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A wannan shekarar ce layin Ikko ya haɗu da na Baro a Minna, aka kuma haɗe hukumomin biyu. Ke nan ƙarfe ya riga takarda: an ɗaure Kudu da Arewa da dogo shekara biyu kafin a haɗe su da doka a 1914.

Wajibi ne mu tuna da waɗanda suka yi aikin da hannunsu. Ba Girouard ne ya sare daji ba, ba shi ya ɗauki kwandon ƙasa a ka ba. Dubban talakawa ne, Nufawa da Gwarawa da Hausawa da sauransu, waɗanda aka ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin tarowa, da yawansu ba da son ransu ba, har wasu kan gudu su bar gonakinsu. Wannan shi ne aikin diga, kuma ya bar tabo a adabinmu, domin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda dogo ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, ya rubuta Waƙar Diga a kansa. Haka nan kuɗin ƙarfe da aka riƙa biyan leburori da su sun taimaka wajen korar wuri daga kasuwanninmu.

Gyaɗa Ta Kayar Da Auduga

Abin da Turawa suka hango a Kano auduga ce. Masaƙun Lankasha na neman mafita daga dogaro da audugar Amurka, kuma ƙungiyar masu noman auduga ta Ingila da aka kafa a 1902 ta matsa ƙwarai a kan a yi wannan hanya. Sai dai ana ga yaƙi suna ga ƙura. Masaƙan ƙasar Kano sun fi Bature tayi mai kyau a kan auduga, don haka ba ta fita yadda aka zata ba. Manomi ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi idan fari ya zo ana iya cin ta, ba kamar auduga ba. Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a hanyar Gwanja, suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa. Cikin 'yan shekaru Kano ta zama cibiyar gyaɗa ta Afirka ta Yamma.

Dalar gyaɗa, wadda muke alfahari da ita a hotuna, ita ma ɗiyar reluwe ce, amma ta wata fuska da ba a cika faɗa ba. Buhuna sun taru har suka zama dala ne saboda jirgi ya kasa kwashe su a kan kari, layi ɗaya ne tak zuwa teku, taragai kuma ba su isa ba. Dalar shaida ce ta ƙwazon manomi, kuma shaida ce ta ƙarancin abin sufuri.

A ɗaya gefen, ayarin raƙuma da ke zuwa Tarabulus ya rasa dalilin wanzuwa, tun da kayan da ke shafe watanni a hamada sun koma isa teku cikin kwanaki. Goro ya daina biyo ƙasa a kan jakuna, ya koma hawa jirgi daga ƙasar Yarbawa, shanu kuma suka riƙa gangarawa Kudu a cikin taragai. Wannan ciniki na goro da shanu shi ne ƙashin bayan unguwar Sabo ta Badun, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916.

Rassa Da Garuruwansu

Daga wannan gangar jiki rassa suka tsiro, kowane da abin da aka aike shi ya ɗauko. Kuza ta jawo ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kawai, alhali babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, saboda haka dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Kwal na Inugu ya jawo layin Fatakwal, wanda ya iso Kaduna ta Kafancan a 1927, aka kuma kammala gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932. Da reshen Kafancan ya isa Jos, sai ƙaramin layin Zariya ya fara rasa amfani, har aka rufe shi a 1957. Gyaɗa da auduga sun kai dogo Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne layin Barno, wanda aka fara a 1958 da bashin Bankin Duniya, ya bi ta Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964. Jimillar layukan ta kai kimanin kilomita 3,500.

Duk wanda ya dubi taswira zai lura da abu guda: kowane layi fuskarsa teku take kallo. Babu wanda ya haɗa Sakkwato da Katsina, ko Kano da Maiduguri kai tsaye. An yi hanyar ne don fitar da kaya. Amma mutane sun yi amfani da ita ta hanyar da masu ita ba su tsara ba. Kaduna, wadda ta karɓi hedikwata daga Zungeru a 1917, da Kafancan da Funtuwa da Nguru duk sun bunƙasa ne a gindin tasha. Sabon Gari ya cika da akawuna da makanikai daga Kudu. A Zungeru aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, a Minna aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921. Ma'aikatan reluwe, ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne kan gaba a yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ya girgiza mulkin mallaka. Tashoshin nan kuma su ne suka ga baƙin cikin 1966, lokacin da dubban mutane suka yi cincirindo a cikinsu suna neman hanyar tsira da rayukansu.

Harshenmu ma ya ɗauki rabonsa. Reluwe da tasha da tarago da diga da lebura da tikiti da loko duk baƙin kalmomi ne da suka zauna daram. Har ma muka yi wa wasu sabuwar ma'ana, domin idan aka kira yaro ɗan tasha, ba ana nufin yana aiki a can ba ne.

Durƙushewa

An kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955, shekarar da injunan dizal suka fara maye gurbin masu cin kwal. A 1964 jirage sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma kayan sun ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: yaƙin basasa ya lalata layin Gabas, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun rushe dala, kuɗin man fetur ya karkata ga titunan mota, dogon kuma ya tsufa, ga kwana-kwana da ke hana gudu. An kira ƙwararru daga Indiya a 1979, aka kira kamfanin Sin a 1995, amma gyaran bai ɗore ba. Sabbin layukan da aka buɗe, irin na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Ikko zuwa Badun a 2021, masu faɗi ne, kuma tashoshinsu sababbi ne. Jirgin Abuja a Rigasa yake tsayawa, ba a tsohuwar mahaɗar Kaduna ba. Wannan ci gaba ne abin maraba, amma ma'anarsa ita ce tsofaffin tashoshi da yawa ba za su sake jin kukan jirgi ba.

Ƙera Tarihi A Kan Tebur

A Turai akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta gina ƙaramin reluwe a cikin ɗaki. Kamfanin Märklin na Jamus ya fara daidaita ma'aunin irin waɗannan jirage a 1891, Hornby na Ingila ya biyo baya a 1920. Da farko wasan yara ne, daga baya manya suka mayar da shi hanyar adana tarihi. A gidan tarihi na Pendon a Ingila, an kwashe shekaru ana sake gina karkarar wani yanki yadda take a shekarun 1920 da 1930, gida bayan gida, bisa awon da aka ɗauka kafin a rushe gine-ginen na ainihi.

Lissafin ba shi da wuya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1 bisa 87, wato kowace mita 87 ta koma mita 1. A wannan ma'auni faɗin tsohon dogonmu, milimita 1,067, zai koma kusan milimita 12, na Zariya zuwa Jos ya koma kusan 9, sabon layin Abuja kuma 16.5. Ginin tasha mai tsawon mita 26 zai zama santimita 30, dandamali mai mita 174 ya zama mita 2. Ƙaramar tasha sukutum za ta zauna a kan tebura biyu.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce gare mu. Yaran Hausawa sun daɗe suna ƙera motoci da jirage da karan dawa da ƙaya da langalanga da gwangwanin madara. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan basira da awo da bincike. Fa'idar aikin tana cikin tambayoyin da yake tilasta wa mai yinsa. Wanda zai rubuta maƙala yana iya cewa akwai tasha a Dutsen Wai ya wuce. Wanda zai gina ta dole ya san inda tankin ruwa yake, da inda ake auna buhu, da wace fuska rumbun kaya ke kallo, da inda masu tallar abinci ke zama, da ɗakin jiran da aka keɓe wa Turawa. Amsoshin ba su cikin littafi. Suna bakin tsofaffin direbobi da masu ba da hannu da 'yan dako, waɗanda kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ziyara ita ce matakin farko. Ɗalibin da ya je hutu Gusau ko Nguru ko Kafancan ya nemi izinin ma'aikata, ya tafi da igiyar awo da littafi da abin ɗaukar murya. Ya auna gini, ya zana yadda layuka suka rabu, ya kwafe shekarar da aka buga a jikin ƙarfe, ya nemi dattijon da ya yi aiki a wurin ya ji labari daga bakinsa, haɗe da waƙoƙi da kirarin da leburori ke yi. Waɗanda ke Ikko suna da abin koyi kusa da su: Gidan Jaekel a Ebute Metta, ginin 1898 da aka gyara ya zama ɗan gidan tarihin reluwe, wanda aka sa wa sunan ma'aikacin da ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya cikin juzu'i uku. A Jos kuma an ajiye wasu kawunan jirage na ƙaramin layin kuza.

Kammalawa

Dogo bai zo don ƙaunarmu ba, kuma gumin talaka ne ya shimfiɗa shi. Wannan ma dalili ne na kula da tarihinsa, domin idan tashoshin suka shafe, abin da zai rage shi ne rahotannin Turawa, waɗanda suka ƙidaya mil da fam amma ba su rubuta sunan lebura ko ɗaya ba. Kwano ana ɓalle shi, ƙarfe ana kai shi wurin 'yan gwangwan, filin tasha ana yanka shi fuloti. Sashen Hausa ba shi da kuɗin gyara gini, amma yana da ɗalibai daga kusan kowane garin da jirgi ya taɓa tsayawa. Idan kowane ya dawo da awon tasha ɗaya da muryar dattijo ɗaya, cikin shekaru kaɗan za mu tara abin da babu wata hukuma da ta tara. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.