Tarihin Ma'aunin Hasashen Mutuwa Bayan Buɗe Jijiyar Zuciya da Darasinsa ga Gadarif

Gabatarwa

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya jini ta toshe farat ɗaya, naman zuciyar yakan fara mutuwa cikin mintuna. Ko da an buɗe ta da gaggawa, likita yana bukatar sanin wane majinyaci ne ke bakin ajali, wane ne kuma ya tsallake siradi. Amsar ce ke nuna wanda za a ba gadon kulawa ta musamman.

Tushen Ma'auni

A 1967, likitoci biyu a birnin New York, Thomas Killip da John Kimball, suka nazarci majinyata 250, suka kasa su aji huɗu bisa alamun gazawar zuciya. Ajin farko, waɗanda huhunsu garau yake, kashi 6 cikin ɗari suka rasu. Aji na biyu kashi 17, na uku da ruwa ya cika huhunsu kashi 38, na huɗu kuwa, waɗanda jininsu ya faɗi warwas, kashi 81. Kayan aikin rabon bai wuce ido da abin sauraron ƙirji da ma'aunin hawan jini ba.

Zamanin Buɗe Jijiya

A 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciya da 'yar balan-balan a Zurich. Zuwa 1993, nazarce-nazarce a Amurka da Holan sun nuna cewa wannan hanya ta fi allurar narkar da gudan jini amfani idan an yi ta da wuri. Da mace-mace suka ragu, sai aka bukaci sababbin ma'aunai: TIMI a 2000, GRACE a 2003, Zwolle a 2004, da CADILLAC a 2005. GRACE yana duba abubuwa takwas, ciki har da shekaru, da saurin bugun zuciya, da hawan jini, da aikin ƙoda. Abin lura shi ne, dukansu huɗu ba su yar da ajin Killip ba. TIMI da Zwolle kuma suna ƙara maki idan jinkirin magani ya haura awa huɗu.

Darasi ga Gadarif

Wannan batu na jinkiri ya shafi Gadarif, garin dawa da riɗi a gabashin Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama. Tsakaninsa da Khartum akwai kimanin kilomita 400, alhali ƙa'ida ta ce in ba za a buɗe jijiya cikin mintuna 120 ba, a yi allurar narkarwa. Kafin 2023, manyan cibiyoyin zuciya sun taru ne a Khartum da Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da asibitocin Khartum, Wad Madani ya faɗi a Disamba, 'yan gudun hijira suka kwararo Gadarif.

Kammalawa

An gina waɗannan ma'aunai ne galibi a kan majinyatan ƙasashen da motar asibiti ke isa da wuri. Majinyacin da ya kwana a hanya ya sha bamban da su, don haka wajibi ne a gwada alƙaluman a kan bayanan majinyatan Sudan kafin a dogara da su kacokan. Kafin nan, ajin Killip da lissafin awannin da aka ɓata suna hannun kowane likita, ko da babu wutar lantarki.